Likita Ya Ce a Dakata da Rufi

Duk garin babu mai iya tuna ranar da aka fara ce masa Likita, shi kuma bai taɓa wahalar da kansa wajen tuna wa kowa ba. Abin da dattawa suka sani shi ne, yana saurayi ya bi wani mai tallar magani da ke yawon kasuwanni da lasifika. Shi ke ɗaukar akwati, shi ne kuma wanda ake tsayarwa a gaban jama'a a ce, "Ku dubi bawan Allahn nan, makon jiya a kwance yake." Ya warke daga shawara a kasuwanni da yawa, ya warke daga basir, akwai ma inda aka ce daga shanyewar ɓarin jiki ya miƙe. Da ubangidan nasa ya rasu, sai ya dawo gida da akwatin da lasifikar, da wata farar riga irin ta ma'aikatan asibiti da ya saya a gwanjo. Ya kama shago a bakin tasha, ya sa kafinta ya buga masa kanta, ya jera kwalabe. Asibiti mafi kusa yana birni, tafiyar rabin yini in hanya ta yi kyau, kuma ba ta cika yin kyau ba. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Kafin furfura ta fito masa, sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane.

Ilimin nasa ba mai wuyar ganewa ba ne, ga shi nan a fili a kan kanta. Jar ƙwaya ta jini ce, rawaya ta shawara, fara ta zazzaɓi, koriya ta ciki. Mai ruwa biyu, rabi ja rabi baƙi, wannan ta manyan cututtuka ce, ba a fito da ita sai an shigo da mutum ana rirriƙe da shi. In ka zo da ciwo, zai rataya abin sauraron ƙirji a wuya, wanda robarsa ta tsage tuntuni aka ɗaure da zare, ya ɗora maka a duk inda ka nuna, ko da gwiwa ce. Ya lumshe ido, ya girgiza kai, ya ce, "Allah ya so ka da ka zo yau." Sannan ya yagi tsohuwar jarida, ya tsinto ja, ya tsinto fara, ya ƙara koriya saboda tsaro, ya ƙulle. Wannan shi ake kira haɗi. Wanda ya warke, haɗin Likita ne ya yi aiki. Wanda ya mutu, kwanansa ne ya ƙare, ai ba a maganin ajali.

Amma sarkin shagon wani ruwan magani ne baƙi-baƙi mai kauri, a doguwar kwalba mai hoton giwa, wanda kowa ke kira Mai Giwa. An jera cututtukan da yake kashewa tun daga wuyan kwalbar har gindinta, da ƙananan haruffa, har da waɗanda ba a taɓa jin sunansu a garin ba. Zaƙi gare shi kamar zuma, shi ya sa ciwon ciki bai taɓa ƙarewa a tsakanin yara ba. Kowace safiya, da Likita ya buɗe shago ya sa farar rigarsa, sai ya fito bakin ƙofa da kwalba, ya cika murfi, ya ɗaga sama kowa ya gani, ya kurɓe, ya lashe leɓe. "Abin da ba zan sha ba, ba zan sayar ba," in ji shi. Ranar kasuwa kuwa, duk motar da ta sauke fasinja sai ya sake kurɓa. Haka ya yi shekara da shekaru, yana ƙiba yana ƙyalli, tumbinsa na riga shi shiga shago, mutane na nuna shi suna cewa ga shaida nan tana tafiya da ƙafarta.

Kada a zalunce shi, ba mugu ba ne. In kunama ta harbi wani, ko da ya kai loma baki zai ajiye ya fito. Ya san sunan kowane jariri a garin. Ya san tsohuwar da ciwonta kaɗaici ne, yakan zauna ya saurare ta har ta gama, sannan ya ba ta fara guda biyu ta tafi tana sa albarka. Kuma ba riba ce ta fi damunsa ba, sunan nan ne. In ya ji an ce "Likita" daga nesa, sai ka ga kafaɗunsa sun buɗe, tafiyarsa ta canza.

Shagonsa ne kaɗai ke da dogon benci a duk bakin tasha, kuma inda benci yake nan shawara take. Don haka da aka kafa ƙungiyar ci gaban gari, ba a ɓata lokaci wajen zaɓe ba, mai benci ya zama shugaba. Tela ya zama magatakarda, saboda kullum akwai fensir a bayan kunnensa. Mahauci ya zama mai tsawatarwa, saboda ba a cika yi masa musu ba. Direba, mai tsohuwar motar da ke zuwa birni, aka ba shi duk wani aiki da ya shafi fita gari.

Likita ya riƙe garin yadda ya riƙe majinyatansa, da magani kala uku. In matsala ƙarama ce, kamar kwatar da ta toshe a bayan makaranta, sai ya ce a yi haƙuri. In matsakaiciya ce, kamar famfon da ya daina ba da ruwa, sai ya ce a duba tukuna. In kuwa abu ya yi tsanani, kamar gadar da ruwa ya cinye gefenta, sai ya gyara zama ya ce a kafa ƙaramin kwamiti, wato shi da Tela da Mahauci da Direba su matsa ɗaya ƙarshen bencin su zauna. Kwatar tana nan tana wari, famfon ya zama wurin ɗaure awaki, amma duk wanda ya kawo ƙorafi yakan tafi da sauƙi a ransa.

Abu ɗaya ne ya kuɓuce masa. Wata shekara wata mai naƙuda ta cika a motar Direba a kan hanyar birni. Samarin gari suka yi zuciya, suka buga bulo da hannunsu, suka tayar da ginin ɗakin shan magani a filin bayan kasuwa, ɗaki biyu da baranda. Wani ɗan garin da ke aiki a birni ya aiko da kwanon rufi bandir-bandir. Da yake Likita ne shugaba, sai aka ce a ajiye kwanon a sitonsa na bayan shago kafin a buga. Ya karɓa hannu bibbiyu, ya yi jawabi, ya ce wannan rana ta shiga tarihi. Sannan ya jera katan-katan na Mai Giwa a kan kwanon don kada sanyin ƙasa ya taɓa su. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ginin na tsaye baki buɗe yana kallon sama, ciyawa ta cika ɗakin da aka ce na haihuwa ne.

Ana nan cikin bazara sai ga wata jami'ar lafiya daga hukuma, 'yar siririya mai tabarau. Likita ya tarbe ta cikin farar rigarsa, an goge ta har tana ɗaukar ido, ga abin sauraro a wuya.

"Sannu da zuwa, abokiyar aiki," ya ce.

Ta dubi rigar, ta dubi zaren da ke ɗaure da robar, ta dubi kwalaben. "Yauwa, sannu Malam mai kemis. Kai ne shugaban ƙungiyar?"

A gaban mutane ta faɗa, kuma ba da niyyar cin fuska ba, wannan ne ma ya fi ciwo. Ta ce hukuma ta ware wa garin ma'aikaciyar jinya guda, da gado da firjin allurai. Sharaɗi ɗaya ne, a rufe ginin kafin ruwan farko. In ba a rufe ba, za a kai ta garin da ke ƙetaren rafi, su nasu ginin ya kusa kammala. Ta shiga mota ta tafi, ta bar Likita tsaye da murmushin da ya manta bai sauke ba.

Ranar bai ci abincin kirki ba. Ya hango abin sarai. Wata yarinya za ta zo ta rataya takardar shaida a bango, mutane su fara cewa bari mu je wurin likita, su wuce ta gaban shagonsa ko waiwaye babu. Shi kuma ya koma mai kemis, mai sayar da ƙwaya kamar yadda wani ke sayar da ashana. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, ya duba kantarsa sama da ƙasa babu kalar da ke maganinsa.

Washegari aka zauna a benci. Direba, wanda har yanzu bai manta da matar da ta cika a motarsa ba, ya ce shi a ganinsa a kira kafinta gobe-goben nan, aikin bai da yawa.

"Gaskiya ne," in ji Likita. "Ni na fi kowa son abin nan. Amma gaggawa aikin shaiɗan ne. Katakon da za a ɗora wa kwanon, wa ya duba ko ya bushe? A buga a kan ɗanye, iska ta yaye, ya faɗo wa mai jego, wa za a kama? Sannan ina so ku yi tunani. Ni na zaga, na ga asibitoci. Kun taɓa ganin wanda ya shiga asibiti ya fito cikakke? Su abu kaɗan sai wuƙa. Ka je da ƙurji, ka dawo ba yatsa. Mu nan lallaɓa ciwo muke yi, su kuwa yanka suka sani. A dakata da rufin nan tukuna."

Mahauci ya gyaɗa kai, ya ce shi dai ya san yanka, kuma abin da aka yanka ba ya komawa. Tela ya ce wannan magana ta cancanci a rubuta, ko da yake bai zo da takarda ba. Aka kafa ƙaramin kwamitin duba katako, suka matsa ɗaya ƙarshen bencin.

Mutum ɗaya ce a garin ba ta ce masa Likita, ita ce matarsa. Malam take ce masa tun yana ɗaukar akwati, kuma ta san sau nawa ya warke a kasuwa ba tare da ya yi ciwo ba. Ita da 'ya'yanta ba su taɓa kurɓar Mai Giwa ba, yaran sun girma sun watse lafiyarsu ƙalau. Wata rana da rana tana wanki a tsakar gida, ya shigo ya kafa kai a randa.

"Malam, ruwan nan da kake sha kamar raƙumi fa? Ga fitsari ba ka hutawa. Jiya na ga tururuwa sun yi layi a inda ka tsuguna."

"Zafi ne. Tururuwa kuma ai ba su da aikin yi."

"Ka rame. Wandon nan da ka ce Tela ya matse maka, yanzu sai ka ɗaure shi da igiya."

"Ke yaushe kika zama likita?"

"Ranar da ka zama," ta ce, ta ci gaba da wankinta.

A cikin kwanakin ne ya shiga sito ɗauko katan, ba takalmi, gefen kwanon ya yanke shi a babban yatsan ƙafar hagu. Bai ma ji ba, sai da ya ga jini a ƙasa. Ya ɓare mai ruwa biyu ya barbaɗa garin a kai, ya ɗaure da ƙyalle, ya ƙara murfin Mai Giwa don jinin da ya zuba ya dawo. Ciwon bai rufe ba. Yatsan ya kumbura, ya yi baƙi, baƙin ya fara hawa. Sai Likita ya koma sa safa da takalmi sau-ciki a tsakiyar zafin bazara, yana kunna turare a shago safe da yamma, mutane na cewa Likita ya ƙara wayewa. Ya san abin da yake gani. Ya taɓa ganin irin ƙafar nan a jikin wasu, ya ba su haɗi, daga baya ya je ya yi wa iyalansu ta'aziyya. Wanzami dai ba ya son jarfa, sai ya ja safa ya rufe.

Ranar da zazzaɓi ya kayar da shi a bayan kanta, aka ɗauke shi zuwa gida aka kwantar a ɗakinsa. 'Yan kwamiti suka shigo, jama'a suka cika tsakar gida. Matarsa ta zare safar, kowa ya ja da baya, har Mahauci.

Ta dubi Direba. "Don Allah ka kawo mota a kai shi birni yanzu."

Direba ya sosa ƙeya. "To, mota dai tana nan. Amma ai ga mai abin a kwance. Likita, me ka gani?"

Suka zuba masa ido su uku, irin kallon da suka saba yi masa a benci, kallon mutanen da ba su taɓa shakkarsa ba. A ransa kuwa ihu yake yi, ku ɗauke ni, ku kai ni, ko a bayan jaki ne. Kalma ɗaya ta ishe shi. Amma ga kunnuwa nan cike da bakin ƙofa, kuma ba a daɗe ba da ya gama gaya musu abin da ake yi wa mutane a asibiti.

"Malam, faɗa musu," in ji matarsa.

Ya lashe busasshen leɓensa. "A duba tukuna," ya ce.

Nan take hankalin kowa ya kwanta. Tela ya ruga shago ya kwaso ƙwayoyi ya zube a faranti. Suka duƙa suna shawara irin ta masana. Ƙafa ta yi baƙi, to jini ne, a ba da ja. Jiki da zafi, a ba da fara. Mahauci ya ce a ƙara koriya saboda tsaro. Suka ɗaga kansa suka ɗura masa Mai Giwa, ba murfi ba, rabin kofi, tunda ciwon babba ne. Tela har ya rataya abin sauraro ya ɗora a ƙaurinsa, ya lumshe ido, ya girgiza kai. Likita na kwance yana kallon aikinsa a hannun wani, bai taɓa sanin haka abin yake ba in kai ne a ƙasa. Maganar mota kuwa, aka ga abu ne mai tsanani, aka kafa ƙaramin kwamiti, suka fita ƙofar gida suka zauna.

Kwamitin ya yi kwanaki yana zama. Yana kan zaman ne hadari ya haɗu, ruwan farko ya sauka. Matar ba ta ƙara tambayar kowa ba. Ta aika wa ƙanenta ya zo da motar ɗaukar hatsi, suka shimfiɗa katifa a baya, suka kwantar da shi suka rufa masa tamfol. Da suka zo wucewa ta bayan kasuwa, Likita ya ɗaga gefen tamfol ya ga ginin, ruwa na zuba a cikin ɗakunan.

A birni babu wanda ya san shi. Wani likita matashi ya duba ƙafar, ya ɗauki jininsa, ya tambayi abin da yake sha. Matar ta zaro kwalbar daga jakarta ta miƙa. Ya karanta takardar, ya buɗe ya shinshina.

"Baba, wannan ai ruwan sukari ne da kala. Wa ya ba ka?"

Likita ya dubi silin. "Wani mai kemis ne a garinmu," ya ce.

Matarsa ba ta tona masa asiri ba. A duk zamansu ba ta taɓa yi masa alherin da ya kai wannan ba.

Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Kafin a sallame shi aka gaya masa ciwon sukari ne, kuma ya yi nisa. Sai an riƙa wanke dungun ana auna jininsa a kai a kai, in ba haka ba ɗayar ma tana kan hanya. Likitan ya tambaye shi ko akwai ɗakin shan magani a garinsu. Ya ce ana kan aikin. Da likitan ya wuce gado na gaba, sai Likita ya ja mayafi ya rufe fuska ya yi kuka, babba da shi. A nan ya ƙudura a ransa cewa ranar da ya koma, ranar za a fito da kwanon nan, ya je da kansa ya roƙi hukuma. Sunan ma su riƙe, in dai ƙafar da ta rage za ta tsira.

Ranar da ya dawo, motar na shiga tasha wani ƙyalli ya kashe masa ido. An kafa wata katafariyar rumfa ta sabon kwano a gaban shagonsa, ta rufe benci, ta miƙe har bakin titi. Jama'a sun cika ƙarƙashinta suna jiransa. Aka sauko da shi, aka miƙa masa sandunansa, Tela ya matso baki har kunne.

"Likita, mun ce ba za ka dawo a wannan hali ka zauna rana na dukanka ruwa na dukanka ba. Ga kwano a ajiye ba ya amfanin kowa. Kafinta bai ma daɗe ba ya gama."

Tun da aka kafa ƙungiyar, wannan ne aiki na farko da ta fara ta kuma gama, shi ma don shugaban ba ya gari ne.

Likita ya zauna a benci, ya jingine sandunan, ya bari aka gama yi masa sannu. Sannan ya ce yana da magana.

"Jama'a, na gode. Amma a kwance rumfar nan a rufe ginin bayan kasuwa. A je a ba hukuma haƙuri. Muna bukatar asibitin nan, ni na gani da idona."

Sai Mahauci ya share ido da gefen rigarsa. "Allah sarki, kun ji halin manya. Sun yi masa wannan aika-aika, amma yana nema musu mazauni. Likita, ai kai ka faɗa mana, a kan bencin nan. Ka ce abu kaɗan sai wuƙa. Ga shi ka tafi da ciwon yatsa, ka dawo ba ƙafa. Da an bar mu da haɗinmu, da yanzu kana tsaye."

"Ba haka ba ne. Ciwon sukari ne, kuma ni ne na jawo."

"Haka suke yi," in ji Tela. "Su yanke ka, sannan su ce laifinka ne."

Likita ya juya wajen Direba, shi kaɗai ya rage masa. Direba ya sunkuyar da kai, ya ce shi ma da yana goyon bayan rufin, amma yanzu ya ga aya. Ma'aikaciyar ma ai tuni an kai ta ƙetaren rafi, can su ƙarata, Allah ya kiyaye musu ƙafafunsu. Likita ya sake magana. Suka saurare shi da ladabi, suna kallon juna, irin sauraron da ake yi wa wanda bai gama murmurewa ba. Daga ƙarshe Tela ya ce tunda shugaba ya nace, abin ba ƙarami ba ne, a kafa ƙaramin kwamiti. Suka matsa ɗaya ƙarshen bencin, wanda yanzu shi ma yana cikin inuwa.

Yau ginin bayan kasuwa yana nan, bango ɗaya ya fara zubewa. Kasuwar Mai Giwa kuwa ta ninka, don labari ya bazu har ƙauyuka cewa ga mutumin da asibiti ya yanka Mai Giwa ta tayar. Kowace safiya mutane na taruwa a rumfa su ga ya sha murfinsa. Yana sha, yana lashe leɓe. Kwalbar da yake sha daga ciki matarsa ce ke cika ta da baƙin shayi ba sukari, mai ɗacin gaske, kuma yana zargin da gangan take ƙara ganyen. Duk mako ƙanenta na goya shi a babur su haye rafi, ya bi layi a baranda tare da masu ciki, har ma'aikaciyar ta leƙo ta ce, "Malam mai kemis, kai ne na gaba." A gari an san cewa Likita na zuwa ne ya koya wa yarinyar aiki.

Kwanan baya wata matashiyar uwa ta shigo shagon da ɗanta a kafaɗa. Likita ya taɓa goshin yaron, zafi kamar garwashi, wuyansa ya saki, idonsa ya faɗa. Bai ko ɗauko abin sauraron ba. Ya dubi masu zaman benci, ya rage murya.

"'Yata, ki ɗauke shi ki haye rafi yanzu-yanzu. Akwai ma'aikaciya a can, ta san aikinta."

Ta ƙanƙame yaron, ta dubi ƙafar wandonsa da aka naɗe aka maƙale da fil. "Haba Likita. Shi ke nan gare ni. Ka taimaka ka ba ni haɗi."

"Haɗi ba zai yi masa ba. Ki ji maganata."

"In na yi maka laifi ne ka yafe mini," ta ce, hawaye na zubo mata. "Amma ba zan kai ɗana a yanka ba. In ba za ka ba ni ba, sai in koma gida in jira ikon Allah."

Ya sake roƙonta, ya ce zai sa a kai ta a babur, ya rantse mata ba wanda zai taɓa yaron da wuƙa. Tana ta girgiza kai. Ruwa ya fara sauka, ƙarar kwanon rumfar ta danne muryarsa. Ya daɗe yana kallon kantar. Sannan ya yagi jarida, ya tsinto fara, ya tsinto ja, ya ƙulle ya miƙa mata.

"Allah ya bar mana kai, Likita," ta ce. Ta rufa wa yaron gyale ta shiga cikin ruwan.

Ya ja sandunansa ya fito bakin rumfa, yana bin ta da kallo ko za ta juya wajen rafi. Da ta kai mararraba, gida ta nufa.